Me ake nufi da taimakon shari'a?

Taimakon shari'a, ko tallafin shari'a, shi ne gwamnati ta ɗauki nauyin ba mara hali shawarar doka ko lauya idan shari'a ta rutsa da shi. Haƙƙi ne da ke rubuce: yarjejeniyar duniya ta 1966 kan 'yancin ɗan ƙasa da na siyasa ta ce wanda ake tuhuma, in ba shi da abin biyan lauya kuma adalci ya buƙaci hakan, a ba shi kyauta. A Disambar 2012 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'idojin da suka nuna cewa taimakon yana farawa tun daga lokacin kamu, kuma ya shafi shaidu da waɗanda aka zalunta.

Wannan batu na lokacin kamu shi ne ya fi damuna. Idan za a auna irin wannan tsari a ƙasa mai tasowa, yawanci sai a ƙirga ƙararrakin da hukumar taimakon shari'a ta karɓa a shekara. To amma mutumin da ya kwana a ofishin 'yan sanda, ya sa hannu kan bayanin da bai iya karantawa ba, sannan ya shekara a gidan yari yana jiran shari'a, ina yake cikin wannan lissafi? Ma'aunin da ya dace shi ne awa nawa aka yi kafin ya ga mai ba shi shawara, an nema masa beli ko kuwa, kuma lauyan ya zauna da shi kafin ranar zaman kotu.

Gyara kuwa ba hanya ɗaya gare shi ba. Afirka ta Kudu ta daɗe tana biyan lauyoyi masu zaman kansu kan kowace ƙara, har bashi ya yi wa hukumar katutu a ƙarshen shekarun 1990, sai ta koma ɗaukar nata lauyoyin bisa albashi. Malawi, inda lauyoyi suka yi ƙaranci, ta fara tura mataimakan lauya (mutanen da aka horar kan doka amma ba lauyoyi ba ne) gidajen yari a 2000, suna koya wa fursunoni yadda ake neman beli, suna zaƙulo waɗanda aka manta da takardunsu. Saliyo ma ta amince da aikinsu a dokarta ta taimakon shari'a ta 2012.

Sai dai duk tsarin da aka zaɓa, hukumar na buƙatar kasafin kuɗi tsayayye da 'yancin aiki, domin sau da yawa gwamnatin da ke biyanta ita ce mai gabatar da ƙarar.