Waiwaye: Hankakan Edgar Allan Poe da 'yan fim ɗin Amurka

Shi dai Edgar Allan Poe, marubucin nan ɗan Amurka, tun farko bai zo duniya da sa'a ba. An haife shi a Boston a 1809, uban ya gudu ya bar su, uwar kuma 'yar wasan kwaikwayo ce ta rasu a 1811, sai wani attajiri a Richmond mai suna John Allan ya riƙe shi, shi ma daga baya suka ɓata saboda bashin caca da yaron ya ciwo a jami'a.

A Janairun 1845 ne rubutacciyar waƙarsa The Raven, wato Hankaka, ta fito a New York, nan take sunansa ya zagaye gari amma aljihu babu labari. Bayan shekara 2 tarin fuka ya kashe matarsa Virginia, shi kuma a 1849 aka tsince shi a Baltimore ba ya cikin hayyacinsa, sanye da kayan da ba nasa ba, kwana kaɗan ya cika yana ɗan shekara 40.

To abin da ke cikin waƙar fa bai taka kara ya karya ba in labari ake nema. Baiti 18 ne, wani mutum zaune shi kaɗai da tsakar dare yana jimamin masoyiyarsa Lenore da ta mutu, hankaka ya shigo ta taga ya sauka a kan gunki a saman ƙofa, duk tambayar da ya yi masa amsa ɗaya yake maimaitawa. Shi ke nan wallahi. Daɗin yana cikin kari da amsa-amo, kyamara kuwa ba ta iya ɗaukar wannan.

Shi ya sa 'yan fim suke ɗaukar sunan kawai su ƙirƙiro nasu labarin. A 1935 kamfanin Universal ya yi The Raven da Bela Lugosi a matsayin mahaukacin likita mai ɗakin azabtar da mutane. A 1963 darakta Roger Corman ya mayar da abin barkwanci, bokaye suna gwada ƙwanji, har Jack Nicholson yana ciki lokacin yana saurayi. Na 2012 ma ya fi ba ni dariya, Poe ɗin ne da kansa, wanda John Cusack ya fito a matsayinsa, yake farautar mai kisan kai!

Ni a ganina waɗanda suka fi yi wa waƙar adalci 'yan katun ne, The Simpsons a 1990, inda James Earl Jones ya karanta baitocin da muryar nan tasa mai kauri, Bart, yaron da ke cikin katun ɗin, kuma aka mayar da shi hankakan yana takura wa babansa Homer.