Ƙaramar gona mai ɗorewa

Ƙaramar gona mai ɗorewa ita ce wadda mutum ɗaya ko iyali guda ke iya riƙewa da ƙarfinsu, tana ba da amfani shekara da shekaru ba tare da ƙasarta ta gaji, ruwanta ya ƙafe, ko bashi ya shake mai ita ba. Masu ƙididdiga sukan kira gona "ƙarama" idan ba ta kai hekta 2 ba. Masanan Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, sun ƙiyasta cewa akwai gonaki sama da miliyan 570 a duniya, kuma kusan kashi 84 cikin 100 nasu ƙanana ne, suna samar da kimanin sulusin abincin da ake ci. Majalisar ta ware shekarun 2019 zuwa 2028 a matsayin shekaru goma na noman iyali.

Maganar ɗorewa ta shiga bakin hukumomi sosai bayan rahoton 1987 na kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da Gro Harlem Brundtland ta jagoranta, wanda ya fassara ta da biyan buƙatar yau ba tare da an tauye ta 'yan baya ba. Amma kafin nan an riga an ga illar rashinta. A shekarun 1930, bayan an yi ta huɗar filayen ciyawa na tsakiyar Amurka babu ƙaƙƙautawa, fari ya zo, iska ta kwashe ƙasar sama ta mayar da ita guguwar ƙura, dubban iyalai suka bar gonakinsu. Wannan ne ya sa aka kafa hukumar kula da ƙasar noma ta Amurka a 1935.

Kafin a sa fartanya

Kuskuren da ya fi kayar da sabon manomi shi ne ɗaukar filin da ya fi ƙarfinsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala: ciyawa ba ta jiran kowa, kuma rubu'in hekta da aka nome a kan kari ya fi hekta biyu da aka bari ta shige kai. Shekarar farko ta kallo ce da koyo. A zaga filin ana tsakar ruwan sama, a ga inda ruwa ke kwanciya da inda yake gudu yana jan ƙasa. A lura da inda inuwa ke faɗawa da safe da yamma, da ɓangaren da iska ke bugowa, da irin ciyawar da ta fi yawa. A tambayi maƙwabta abin da aka taɓa shukawa a wurin, da abin da ya ƙi.

Haka kuma a daidaita batun mallaka tun farko. Gyaran ƙasa da dashen itatuwa aiki ne da ba ya biya sai bayan shekaru, don haka mai haya ko aro yana buƙatar yarjejeniya a rubuce da ta faɗi tsawon lokaci. Wanda bai san ko zai kai baɗi a fili ba, ba zai zuba masa taki ba.

Ƙasa

Jarin ƙaramar gona na gaskiya yana cikin 'yan santimitocin nan na sama, inda saiwa ke ci. Sanin irin ƙasar ba ya buƙatar ɗakin gwaji. A ɗebo ƙasa ta cika sulusin kwalba, a ƙara ruwa, a girgiza sosai a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, lallausar turɓaya ta biyo bayan 'yan sa'o'i, yumɓu kuma ya ɗauki kwana ɗaya ko fiye yana sauka. Kaurin kowane layi shi ne rabonsa a ƙasar. Mai yashi tana da sauƙin aiki amma ba ta riƙe ruwa da taki. Mai yumɓu tana riƙewa, sai dai takan tushe ta hana saiwa numfashi. Maganin duka biyun ɗaya ne, wato ƙara ruɓaɓɓen ganye da taki.

Abin da ido ba ya gani shi ne tsamin ƙasa, wanda ake aunawa da ma'aunin pH. A ma'aunin, 7 ce tsaka-tsaki, ƙasa da haka kuma tsami ne. Yawancin amfanin gona sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. Idan tsami ya yi yawa, sinadarin fosfaros yakan ɗaure a ƙasa, shuka ta kasa ɗauka ko da an zuba mata. A nan gwaji a wurin malaman gona ya cancanci kuɗinsa. Masanin nan na Jamus, Justus von Liebig, ya yaɗa wata ƙa'ida a ƙarni na 19, wadda Carl Sprengel ya riga shi bayyanawa: girman shuka yana tsayawa ne a kan sinadarin da ya fi ƙaranci. Ana kwatanta abin da gangar katako mai gajeren allo ɗaya, ruwa ba zai wuce bakin wannan allon ba komai tsawon sauran. Manomin da ke ta ƙara takin da ƙasarsa ba ta rasa ba, kuɗinsa kawai yake binnewa.

Haɗa taki kuwa fasaha ce da masanin noma ɗan Birtaniya, Albert Howard, ya tsara ta a garin Indore na Indiya a shekarun 1920, bayan ya daɗe yana kallon manoman can. Ana jera busassun kaya (kara, ƙaiƙayi, busasshen ganye) da ɗanyu (kashin dabbobi, ɗanyar ciyawa, ɓawon kayan lambu) hawa-hawa, busassun sun fi yawa. Masana sukan ce a nemi kusan kashi 30 na sinadarin kabon (wanda ya fi yawa a busassun kaya) ga kashi 1 na naitirojin (wanda ya fi yawa a ɗanyu). Tulin ya kai mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi, in ba haka ba ba zai yi zafi ba. Danshinsa kamar na tsumman da aka matse: in an damƙa a hannu ya jiƙa tafi, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. Cikin 'yan kwanaki tsakiyarsa takan kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Celsius, zafin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Hanci ma malami ne a nan. Warin fitsari mai hawa kai yana nufin ɗanyen kaya sun yi yawa, a ƙara busassu. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nufin iska ba ta shiga, a juya. Bayan wata biyu zuwa huɗu sai ya koma baƙi, mai ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya daka.

Ɗanyen kashin dabbobi, musamman na kaji, yana ƙona shuka kuma yana ɗauke da cuta. Dokar noman da ba a sa sinadarai ta Amurka ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa.

Ɗorewa ba ta haramta takin zamani ba. A ƙasar da ta riga ta mutu, ɗan kaɗan da aka binne kusa da gindin shuka tare da takin gargajiya ya fi kowannensu shi kaɗai. Abin gudu shi ne gonar da ba ta iya ba da komai sai an saya mata.

Juya shuka da dangin wake

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa kai tsaye. A 1886 masanan Jamus Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth suka nuna cewa dangin wake suna samunsa ta hanyar ƙullutun da ke jikin saiwarsu, kuma a 1888 masani ɗan Holland, Martinus Beijerinck, ya ware ƙwayar bakteriyar da ke zaune a ciki. Manomi na iya dubawa da kansa: ya tuge wake ko gyaɗa lokacin fure, ya fasa ƙullutu da farce. In cikinsa ja-ja ne, aiki na tafiya. In fari ne ko kore, babu abin da yake ƙarawa.

Shi ya sa ake bin hatsi da wake, a bi wake da kayan ganye. Juyawar tana kuma yanke wa cuta hanya, don ƙwari da cututtuka da yawa dangi guda suke bi. Tumatir da barkono da dankalin turawa 'yan gida ɗaya ne, don haka sauya ɗaya da ɗaya ba juyi ba ne. Gara a bar shekara uku kafin dangin ya dawo wuri guda. Wani abin da ake yawan mantawa: in an kwashe waken da harawarsa kaf, mafi yawan naitirojin ya fita tare da su. Sai an bar saura a gona, ko an dawo da kashin dabbar da ta ci, kafin ƙasa ta amfana.

Ruwa

Lissafinsa mai sauƙi ne. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, a kan hekta kuwa lita 10,000. Rufin ɗaki mai murabba'in mita 50 zai tara kusan lita 1,000 daga ruwan milimita 20. A gangare, a yi kunya a gicciye, ba a miƙe da gangaren ba, don ruwa ya tsaya ya nutse. A rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa ko kara, yana rage ƙafewa da tsirowar ciyawa, yana kuma tare dukan ɗigon ruwa. Ban ruwa ɗigo-ɗigo, wanda Simcha Blass ya inganta a Isra'ila har aka fara sana'anta shi a 1965, yana kai ruwa gindin shuka kai tsaye, amma ramukan bututunsa na toshewa in ba a tace ruwan ba. A shayar sosai jefi-jefi ya fi yayyafi kullum, don saiwa ta bi danshi ta yi zurfi.

Iri da ƙwari

Kafin shuka a gwada iri: ƙwaya 100 a cikin jiƙaƙƙen tsumma, a ƙirga waɗanda suka tsira bayan mako guda. Irin da aka yi wa aure, mai alamar F1 a jikin leda, yana ba da yabanya mai kyau, amma 'ya'yansa ba sa gadon iyaye daidai, don haka ba a ajiye shi don baɗi.

Ƙwari kuma ana fara yaƙarsu da ƙafa da ido. A shiga gona sau biyu a mako, a juya bayan ganye, a san wanda ke ɓarna da wanda ke cin mai ɓarnar. Feshin da ya kashe kowa yakan kashe gizo-gizo da zanzaro da ƙudan zuma, sai ɓarnar ta dawo fiye da da. In ya zama dole, a bi awon da ke jikin kwalba, a sa kayan kariya, a kiyaye kwanakin da aka ce a jira kafin girbi.

Dabbobi, kasuwa da littafi

'Yan kaji ko awaki suna mayar da ragowar gona taki da kuɗin kashewa, da sharaɗin an tanadi abincinsu na rani da shinge da rigakafi kafin a kawo su.

A san mai saye kafin a shuka, musamman kayan gwari da ba sa jira. Rarraba shuka mako biyu-biyu yana hana komai nuna rana ɗaya a rasa yadda za a yi da shi. Amfani uku ko huɗu sun ishi mai farawa: ɗaya ya gaza, sauran su riƙe gida, kuma ba su yi yawan da za a kasa ƙwarewa a kansu ba.

Littafin gona shi ne kayan aikin da aka fi rainawa. A rubuta ranar shuka, irin da aka sa, ruwan da ya sauka, abin da aka kashe, da abin da aka girba daga kowane yanki. A sa har da kwanakin aikin mai gonar da iyalinsa, don ribar da ba a cire ladan gumi a cikinta ba ruɗi ce. A raba kuɗin gona da na cefane, a ware na irin baɗi tun ranar sayarwa.

Asara ba ta ƙarewa da girbi. Hatsi yana buƙatar bushewa har danshinsa ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa da haka kafin a adana, in ba haka ba fumfuna ta kama shi, wata ma mai dafi. Ana gwadawa da busasshen gishiri: a zuba shi da hatsin a busasshiyar kwalba a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya. Buhu mai leda biyu a ciki, irin wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, ko ganga mai murfi da ke toshe iska, suna kashe ƙwarin ajiya ta hanyar shaƙe su, muddin ba a riƙa buɗewa ana ɗiba ba.