Ruwan Dausayin Hadejia da Nguru Ba Asara Ba Ne

Tun da daɗewa ake ɗaukar ruwan da ke malala a dausayin Hadejia da Nguru a matsayin ruwan banza, matattarar sauro, wanda gara a tare shi a yi noman rani da shi. Wannan tunani na cikin abin da ya sa aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992.

To amma wannan malalar ita ce abincin mutanen yankin. Da damina a kama kifi a shuka shinkafa, ruwa na janyewa manomi ya bi danshin ƙasa da wake, da rani kuma Fulani su sauko da shanu. Ruwan da ya nutse ƙasa ma bai ɓata ba, shi ke ciyar da rijiyoyin ƙauyuka.

Da madatsun suka sauya tafiyar ruwa, sai ciyawar kachalla ta samu wurin zama. Ta fi mutum tsayi, ta toshe hanyoyin kwalekwale, ga tsuntsayen jan-baki da ke kwana cikinta suna wayar gari a gonar gero. Shi ya sa ake aikin sa kai a nan: gayya ake yi, a shiga ruwa har ƙugu da lauje ana saran ciyawar.

Mai son ganin agwagin da ke tasowa daga Turai kuwa, ya nufi Dagona a jihar Yobe lokacin hunturu, da sassafe. A watan Janairu ake ƙirga su.