Girman Ƙafa da Saitin Shokazoba a Keken Hawan Dutse

Keken hawan dutse keke ne da aka ƙera domin hanyar da ba ta da kwalta, mai tudu da gangare, tsakuwa, kwazazzabo da saiwar itace. A wajenmu an fi kiransa keke mai giya, ko da yake ba giyar ce kaɗai ta raba shi da sauran kekuna ba. Yadda zai tafi a ƙasa ya rataya ne a kan girman ƙafarsa da kuma saitin shokazobarsa. A danginsa akwai na tseren dogon zango, wanda shokazobarsa ke nutsewa milimita 100 zuwa 120, akwai na gangarowa zalla mai kai wa 200, sannan na tsaka-tsaki mai 120 zuwa 150, wanda aka yi don ya hau tudu da ƙarfin ƙafar mai shi ya kuma sauko da shi lafiya. Wannan na tsakiya shi ne ya fi dacewa da ƙasa irin ta Kebbi, inda mutum zai bar yashin fadamar Argungu ya tarar da duwatsun Zuru duk a jiha guda.

Asali

A shekarun 1970 ne wasu matasa a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, cikinsu har da Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly, suka riƙa gangarowa daga tsaunuka a kan tsofaffin kekuna masu kaurin taya. Ƙafar waɗannan tsofaffin kekuna inci 26 ce, saboda haka sabon keken da aka ƙera daga baya ya gaji wannan awo ne, ba wani bincike ya zaɓe shi ba. Kamfanin Specialized ya fitar da keken dutse mai suna Stumpjumper a 1981, kamfanin RockShox da aka kafa a 1989 kuma ya yaɗa fok, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, mai shokazoba. Har kusan shekara talatin, in an ce keken dutse to ƙafa 26 ake nufi.

Awon ƙafa

Lambar da ake kira, 26 ko 27.5 ko 29, kimanin faɗin ƙafar ne da inci tare da tayarta. Awon da ba ya yaudara shi ne na bakin rim, wanda ake bugawa a gefen kowace taya da milimita. Rim ɗin 26 yana da 559, na 27.5 yana da 584, na 29 kuma 622. Wanda ya ga 57-622 a jikin taya, to faɗinta milimita 57 ne, rim ɗinta kuma 622.

A nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗi. Baƙin keken nan na iyayenmu, irin Raleigh da Phoenix, ana ce da ƙafarsa 28, amma rim ɗinsa milimita 635 ne, wato ya fi na 29 girma duk da lambarsa ta fi ƙanƙanta. Tayarsa ba za ta zauna a rim ɗin 29 ba, komai sabulun da mai gyara zai shafa mata. Rim ɗin 29 daidai yake da na siririn keken tseren kwalta. Don haka mai zuwa sayen taya ya kwafi lambar milimita a takarda kafin ya bar gida.

Ƙafa 29 ta samu shiga ne bayan kamfanin WTB ya fitar da taya mai kauri ta wannan awo a 1999. Amfaninta duk mai tura amalanke ya san shi, domin babbar ƙafa tana hawa kan dutse ko ta tsallake rami ba tare da ta cije ba, inda ƙaramar ƙafar baro za ta tokare. A hanyar burji mai gargada tana riƙe gudu, a yashi kuma ba ta saurin nutsewa. Aibinta nauyi ne da jinkirin tashi, ga wuyar juyawa a kwana mai tsanani. Gajeren mutum kuma, idan ya ja jiki baya a gangare mai tsayi, tayar baya takan taɓa shi.

Ƙafa 27.5 tsohon awon Faransa ne da Kirk Pacenti ya farfaɗo da shi don keken dutse a 2007, ya kuma cika kasuwa bayan 'yan shekaru. Ta fi 29 saurin amsa hannu, ta fi 26 haye gargada. Daga baya aka zo da gaurayen biyun, 29 a gaba domin cin duwatsu, 27.5 a baya domin sauƙin juyi, hukumar tseren keke ta duniya kuma ta amince da shi a gasa a 2019.

Manyan kamfanoni sun kusa daina ƙera keken dutse na manya mai ƙafa 26, amma shi ne ya fi yawa cikin na hannu da ke shigowa ƙasar nan, shi ne kuma ake samun tayarsa da tub ɗinsa a wurin mai faci na ƙauye. Wannan ba ƙaramin dalili ba ne. Wanda ke Birnin Kebbi yana iya yin odar tayar 29 ya jira ta, amma wanda tayarsa ta yage a wani ƙauye bayan Zuru abin da ke rataye a rumfar mai gyara shi ne gatansa. A ganina mutum ya fara tambayar inda zai samu taya kafin ya tambayi wace ƙafa ce ta fi gudu.

Sauya awon ƙafa a kan keken da ba a yi shi don haka ba yana da haɗari. Tsakanin 29 da 27.5 akwai bambancin milimita 19 daga tsakiyar ƙafa zuwa bakin rim, don haka sa ƙarama a baya yana sauke keken, feda ta riƙa dukan dutse. Idan birkin mai kama rim ne ba mai faifai ba, robarsa ma ba za ta sake haɗuwa da rim ɗin ba.

Shokazoba

Akwai keke mai shokazoba a gaba kaɗai, akwai mai gaba da baya. Na farkon ya fi sauƙin nauyi da kuɗi da gyara. Na biyun yana manne tayar baya da ƙasa a kan duwatsu, yana kuma hutar da ƙugu. Sai dai akwai masu araha da ake ɗaura wa ƙaton sifirin a baya don ado, ba mai a ciki da zai tare shi, sai keken ya yi ta tsalle yana shanye ƙarfin feda. Mai shokazoba ɗaya tagari ya fi irin wannan nesa ba kusa ba.

Kowace shokazoba ta kirki aiki biyu take yi. Sifirin, na ƙarfe ko na iska, yana ɗaukar nauyi, man da ke bi ta ƙananan kafofi kuma yana hana sifirin ɗin fizgewa. Na ƙarfe ba ya yoyo, amma in bai yi daidai da nauyin mai keke ba sai an sauya shi ɗungurungum. Na iska ana ƙara shi ko a rage da ɗan famfo na musamman mai kai wa psi 300 (psi awon ƙarfin iska ne). Bakinsa iri ɗaya ne da na tayar babur, shi ya sa wasu ke kai shi wurin mai faci, alhali injin mai faci ba zai iya auna ɗan ƙaramin ɗakin iskar nan daidai ba.

Saitin farko, wanda kuma ya fi kowane muhimmanci, shi ne lotsawa, wato iyakar yadda shokazoba ke nutsewa idan mai keke ya hau ya tsaya cik. Ana so fok ya lotsa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na tafiyarsa, wato iyakar nisan da zai iya nutsewa, ta baya kuma 25 zuwa 30. Mai keke zai sa kayan da ya saba fita da su, har gorar ruwa, ya jingina da bango ya hau. Abokinsa zai tura ɗan zoben robar da ke jikin sandar fok har ya taɓa bakin sil, robar da ke toshe bakin fok, shi kuma ya sauko a hankali kada ya girgiza keken. Sai a auna tazarar da zoben ya matsa. A fok mai tafiyar milimita 140, kashi 20 shi ne milimita 28. A baya ana auna sandar shokazobar ce ba tafiyar ƙafa ba, don haka a kashi 30, sanda mai milimita 50 za ta lotsa 15. In babu zoben, ƙyauron roba ma ya isa. Idan lotsawar ta yi kaɗan taya za ta riƙa zillewa a kan tsakuwa, idan ta yi yawa shokazobar za ta riƙa kai wa ƙarshe da ƙara.

Na biyu shi ne dawowa, saurin miƙewar shokazoba bayan ta nutse, kuma galibi jan maɓalli ne ke saita ta. Ta yi sauri, keken zai riƙa harbin mai shi kamar jaki. Ta yi jinkiri, ba za ta gama miƙewa ba wani dutsen ya sake danne ta, har ta dunƙule ta yi tauri. Ana gwadawa da sauka daga dakali a zaune, a ga keken ya nutse ya taso sau ɗaya ya natsu. Shuɗin maɓalli kuma na dannuwa ne, wato saurin nutsewar shokazoba, wasu har suna kulle shokazobar gaba ɗaya don tafiyar kwalta, kuma mantuwa a buɗe ta kafin gangare kuskure ne da kowa ke yi.

Yanayi yana taɓa duk wannan. A zafin watan Afrilu, lokacin da Birnin Kebbi ke haura digiri 40, iska tana kumbura mai kuma ya tsinke, sai dawowa ta ƙara sauri. Da sanyin safiyar hunturu akasin haka ne. Saitin da aka yi a Janairu yana bukatar a sake duba shi da bazara.

Iskar taya da ƙura

Taya ita ma shokazoba ce. Mai faɗin inci 2.3 zuwa 2.6 da ba ta da tub takan yi aiki da psi 20 zuwa 28, gwargwadon nauyin mai hawa. Al'adar bugawa har ta yi tauri kamar dutse tana ɓata aikin shokazoba mai tsada, a yashi kuma tana sa ƙafa ta tona rami. Ruwan toshe huda da ake zubawa cikin irin wannan taya yana maganin tsidau da ƙayar aduwa, sai dai zafi yana busar da shi da wuri.

Ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabar fok. Tana manne wa sandunan nan masu sheƙi, ta bi ta sil ta gauraya da mai, ta riƙa cin ƙarfen kamar yashin wanke tukunya. Bayan kowace fita a goge su da tsumma mai laushi, kada a wanke da fetur ko kananzir, domin suna lalata roba. RockShox ya ce a buɗe ƙasan fok a sauya mai bayan awa 50 na hawa, kuma wanda ke bin burji tsakanin Disamba da Fabrairu bai kamata ya jira awannin su cika ba.