Maryam Mirzakhani: tambayoyin da ɗalibaina suka yi min a kanta

Ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata a Tudun Wada, Kaduna. Ranar da na rubuta sunan Maryam Mirzakhani a allo, yaran suka zaci Bahaushiya ce, tambayoyi suka yi ta fitowa.

Malama, wace ce ita?

'Yar ƙasar Iran ce, an haife ta a Tehran a 1977. A 2014 ta zama mace ta farko da ta ci lambar Fields, wadda ake bai wa gwanayen lissafi da ba su kai shekara 40 ba, duk bayan shekara huɗu. Tun 1936 ake bayar da ita, kafin Maryam duk maza ke ɗauka.

Ashe tun tana yarinya ta iya lissafi?

Ko kusa. Marubuciya ta so zama. A shekararta ta farko a ƙaramar sakandare ma lissafin bai karɓe ta ba. Yayanta ne ya ba ta labarin dabarar tara 1 zuwa 100: haɗa 1 da 100, 2 da 99, haka har sau hamsin, kowane ya ba ka 101, jimla 5050. Na gwada wannan a aji, wata da ke zama can baya ta ce, "Malama, ashe haka abin yake da sauƙi?" Daga baya Maryam ta ci zinare a gasar lissafi ta duniya a 1994, a 1995 kuma ta cinye dukkan makin gasar, 42 cif.

Me ta gano?

Bayan Jami'ar Sharif da ke Tehran ta wuce Jami'ar Harvard a Amurka, ta kammala digirin dakta a 2004. Ku kawo sirdin doki a ranku: gaba da baya sun ɗaga, gefe biyu sun sauka. Ta yi bincike a kan shimfiɗu masu irin wannan lanƙwasa a ko'ina, masu huji da yawa. Idan tururuwa ta bi miƙaƙƙiyar hanya a kai ta dawo inda ta tashi ba tare da ta ƙetare sawunta ba, hanyoyi nawa ne irin waɗannan da ba su wuce wani tsayi ba? Ita ta samo yadda adadinsu ke ƙaruwa idan aka ƙara tsayin. Ta koyar a Jami'ar Princeton, sannan ta zama farfesa a Jami'ar Stanford, duk a Amurka.

To, saurin kai gare ta?

Nan ne abin ya fi taɓa ni. Da bakinta ta ce a hankali take aiki. Takan baje manyan takardu a ƙasa tana zane, matsala ɗaya ta ci shekaru. Mu kuwa a aji wadda ta riga ɗaga hannu muke yabo, mai nauyin baki mu ce ba ta ja. Yarinya nawa muka kora daga lissafi da haka?

Tana raye?

Sankarar mama ta yi ajalinta a Yulin 2017, tana da shekara 40. Allah ya jiƙanta. Ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita aka ware don matan lissafi a duniya.