Waiwaye: Baƙar mace da siyasar fina-finan laifi a Amurka

A 1974 tashar ABC ta fara haska shirin Get Christie Love!, inda Teresa Graves ta fito a matsayin 'yar sandan farin kaya a Los Anjeles. Shekara guda ya yi ya mutu. Daga 1974 sai da aka shafe shekara 38 kafin wata babbar tashar Amurka ta sake ɗora wa baƙar mace jagorancin wasan kwaikwayo irin wannan, wato Kerry Washington a Scandal na 2012.

A tsakanin nan ba a rasa baƙaƙen mata a allo ba, sai dai a gefe. S. Epatha Merkerson ta yi daga 1993 zuwa 2010 tana fitowa a matsayin shugabar 'yan sandan bincike a Law & Order, tana ba da umarni daga ofis, amma labarin na wasu ne. A silima kuwa, Set It Off na 1996 ya juya akalar gaba ɗaya: mata huɗu masu shara, talauci da harbin 'yan sanda sun tura su fashin banki. Tun lokacin gardamar ta rabu biyu. Shin a sa mata kaki ta zama fuskar doka, ko a nuna yadda dokar take murƙushe ta?

Shirin da ya fi shiga wannan tsaka mai wuya shi ne How to Get Away with Murder, daga 2014 zuwa 2020. Viola Davis ta fito a matsayin Annalise Keating, lauya mai kare waɗanda ake tuhuma, malamar jami'a, mashayiya, mai rufa wa masu kisa asiri. Ba mutuniyar kirki ba ce, kuma nan ne ƙarfin shirin yake. Kafin ma a fara haskawa, wata mai sharhi a New York Times ta jingina wa furodusa Shonda Rhimes lakabin baƙar mace mai fushi, mai sharhin kuwa ta sha ruwan suka. Makonni kaɗan bayan haka Annalise ta zauna gaban madubi, ta cire gashin kanti, ta ɓare gashin ido, ta goge kwalliya tas, kyamara na kanta ba ta kauce ba. A 2015 Davis ta zama baƙar mace ta farko da ta lashe Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, ta fitacciyar jaruma a rukunin dirama. A 2018 shirin ya kai Annalise Kotun Ƙoli tana kare talakawan da ba su samu lauyoyin gwamnati na ƙwarai ba.

Kisan da wani ɗan sanda ya yi wa baƙar fata George Floyd a Mayun 2020 ya sake dagula lissafi. Cikin makonni aka dakatar da shirin Cops, wanda ke nuna 'yan sanda na gaske a bakin aiki. Masu ra'ayin sauyi suka ce fina-finan 'yan sanda wanke hukuma kawai suke yi, baƙar fuska a kan gaba ba ta sauya komai. Masu ra'ayin riƙau kuma suka ce an cusa musu siyasa a nishaɗi, musamman da Queen Latifah ta gaji rawar da farar fata ya fara takawa a The Equalizer a 2021. A ganina ƙorafin farko ya fi nauyi, domin yana tambayar wa ke riƙe da alƙalamin rubuta labarin. Na biyun ya tsaya ne a launin wadda ke allo. CBS ta rufe shirin Latifah a 2025 bayan zango biyar.