"Lishniy chelovek": cikon benci a adabin Rasha

Duk wanda ya leƙa adabin Rasha na ƙarni na 19 zai ci karo da kalmar "lishniy chelovek". Ma'anarta mutumin da ya zama rara, wanda da shi da babu duk ɗaya. Mu sai mu ce cikon benci. Sunan ya bazu ne daga wani labari da Ivan Turgenev ya fitar a 1850, amma irin mutumin ya riga sunan zuwa duniya, don Onegin da Pechorin, jaruman littattafan marubuta Pushkin da Lermontov, duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su.

Ɗan masu hali ne, ya yi karatu, yana jin Faransanci, ya kuma san ciwon ƙasarsa sarai. Inda zai kai sanin ne babu. Bayan boren hafsoshin soja na Disamban 1825, Sarki Nikolas na Ɗaya ya sa an rataye mutum 5, aka kora wasu da dama Saberiya. Daga nan mai hankali ya gane baki shi ke yanka wuya. Aikin gwamnati kuwa matakai 14 ne, hawansu sai da durƙuso. Sai gogan ya koma gefe, yau caca, gobe neman mata, jibi harbin juna kan maganar da ba ta kai ta kawo ba.

Ni dai Oblomov na Ivan Goncharov, wanda ya fito a 1859, ya fi tsaya mini a rai. Kusan duk kashin farko na littafin a kwance yake cikin tsohuwar rigar shan iska. Wasiƙa ta zo daga ƙauye cewa gandunsa na lalacewa, ya kasa ko rubuta amsa. Bayi 350 ya gada. Baransa Zakhar ne ke sa masa safa, har shi Oblomov yana tinƙaho cewa tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa sa ta da hannunsa ba. A nan tausayina ke raguwa. Wannan ƙunci na ƙosassu ne, kuma manoman da ke ciyar da shi tare da gona ake sayar da irinsu, har 1861 da aka soke bautar.

Matashin mai sharhi Nikolai Dobrolyubov ya faɗi haka tun a 1859: ya ce su Onegin da Pechorin duk Oblomov ne, kuma bauta ce ta haife su. Har gobe idan Barashe ya ga mutum ya miƙe ƙafa yana ta tsara abin da ba zai taɓa yi ba, yakan kira halin "oblomovshchina".